Daga Madugu Zuwa Direban Tanka

A watan Satumba na 2025 ƙungiyar ma'aikatan man fetur da iskar gas ta NUPENG ta janye direbobin tanka daga aiki saboda saɓaninta da matatar Dangote, wadda ta sanar da sayen motoci 4,000 masu amfani da iskar gas domin ta riƙa kai mai da kanta. An yi ta gardama kan 'yancin sababbin direbobin na shiga ƙungiya. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙofar da matashi zai bi ya shiga wannan sana'a daga yanzu, domin tsohuwar ƙofar ta fara rufewa.

Kafin mota, jaki da takarkari da raƙumi ne ke ɗaukar kaya. Fataken Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan yi watanni a hanyar Gwanja, su kai kanwa da tufafi, su sayo goro a Salaga. Ayari yana da madugu da jagaba, kowane attajiri da yaransa, a zango kuma akwai fatoma mai saukar baƙi. Yaro yakan fara da kora jakin ubangidansa, in ya nuna amana a ba shi jari.

Masu cewa jirgin ƙasa ne ya haifi sana'ar sufuri a Arewa suna da hujja. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri sai 1964. Shi ya sa gyaɗa ta zama dukiya, shi ya ɗaukaka irin su Alhassan Dantata, wanda da ma ɗan fataucin goro ne. Sai dai aikin reluwe aikin albashi ne mai neman takardar makaranta, kuma a farkon lamari mafi yawan direbobin jirgi da akawuna da makanikai daga Kudu suka zo, suka cika Sabon Gari. Rabon mutanenmu a lokacin dako ne da ɗinkin buhu da jera dalar gyaɗa.

Inda Bahaushe ya sami gindin zama shi ne cikin mota, kuma ina da yaƙinin cewa dalili shi ne motar ta zauna daidai a kan tsarin fatauci. Attajirin da ke sayen gyaɗa a ƙauye yana bukatar gingimari ta kai masa ita bakin dogo. Ya sayi mota, ya damƙa wa wanda ya yarda da shi. Direba ya gaji madugu, yaron mota ya gaji mai kora jaki, ɗan kamasho a tasha ya gaji wani ɓangare na aikin fatoma. Yaron mota yakan shafe shekaru yana wanke mota, yana sa waigi a tudu, yana ɗaure tamfol, yana kwana ƙarƙashin tirela, kafin maigidansa ya miƙa masa sitiyari a hanyar da ba cunkoso. A nan yake koyon jin ciwon inji da kunne, da sanin garin da ba a tsayawa da dare. Martabar direba ta kai har Mamman Shata ya yi wa Bawa Direba waƙa.

Shekarun 1970 ne suka miƙa wa mota komai. Fari da cutar gyaɗa sun kashe kayan da jirgi ke ɗauka, kuɗin fetur ya shimfiɗa kwalta, hukumar jiragen ƙasa ta shiga durƙushewa. A 1978 aka kafa ƙungiyar ma'aikatan sufurin mota ta NURTW. Matatar Kaduna ta fara aiki a 1980, amma da bututun mai suka lalace, sai ya zamana tanka ce ke jigilar fetur daga Legas zuwa Arewa. Mararrabar Jos da Tafa sun bunƙasa ne a kan wannan, da masu faci da masu abinci da makanikai. Dubban gidaje sun ci abinci daga gazawar gwamnati, kuma wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗe ta ko ba daɗi.

Alamar sauyi ta bayyana tun 2012, lokacin da kamfanin Dangote ya nemi masu digiri su zo a koya musu tuƙin manyan motoci, dubbai suka nema, har da masu digirin digirgir. Babban kamfani ba ya ɗaukar mutum don an san ubangidansa. Lasin yake tambaya, da gwajin lafiya, da iya cike takardar kaya, motar kuma akwai na'ura a jikinta mai nuna inda take. Tashar tsandauri ta Kaduna da aka buɗe a 2018, da ta Dala a Kano a 2023, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, duk za su nemi masu lissafin sito, da masu fiton kaya a kwastan, da masu tuƙa injin ɗaga kwantena.

Tsorona kada abin da ya faru a zamanin reluwe ya maimaita kansa. Cibiyar koyar da fasahar sufuri ta NITT tana Zariya tun 1986, amma yaran mota nawa ne suka san ƙofarta? Ya kamata ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO da NURTW su zauna da ita da hukumar kiyaye haɗurra, a fito da jarrabawa cikin Hausa wadda za ta auna abin da yaron mota ya koya a hanya, a ba shi shaidar da kamfani zai karɓa.