Kwalekwalen Dufuna: Wa Ya Tono, Wa Ke da Izinin Tonowa?

A shekarar 1987, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Borno, wani makiyayi Bafulatani mai suna Malam Ya'u yana haƙa rijiya kusa da Dufuna, nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Fune, sai ya ci karo da wani baƙin katako a zurfin kusan mita 5. Bai sare shi ya yi makamashi ba, ya kai labari ga hukuma. Ashe kwalekwale ne, tsawonsa mita 8.4. Da aka auna shekarunsa a Jamus, aka tarar ya kai wajen 8,000. Duk Afirka ba a taɓa samun wanda ya girme shi ba.

To, daga ranar da labari ya isa ofis, magana ta bar hannun mai rijiya. Dokar ƙasa mai lamba 77 ta 1979 ta hana kowa tonon kayan tarihi sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kuma ba a bai wa mutum izinin sai yana da ilimin fannin, ana kuma iya neman ya nuna cibiyar da ta tsaya masa. Shi ya sa Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri da Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt suka jagoranci tono shi a 1994. Leburori 50 suka yi mako 2 suna kwashe ƙasa. Sunayen malaman biyu suna cikin littattafai. Su kuwa hamsin ɗin nan, adadinsu kawai ake ambata.

Ba a kanmu aka fara ba. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da gumakan Nok a 1928, amma Bernard Fagg duniya ta sani.

Kada dai a ce dokar zalunci ce tsagwaronta. Katakon da ya daɗe haka cikin laima, in aka fito da shi ba dabara, tsagewa zai yi ya ruɓe. Mun kuma ji yadda 'yan tonon sata suka yi wa wuraren Nok da Kwatarkwashi kaca-kaca a shekarun 1990, suka sayar wa dillalan Turai. Ƙofa kam dole a tsare ta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hanyar isa ƙofar. Aikin lebura yana ƙarewa ranar da aka rufe rami. Aiki mai ɗorewa, a jami'a ko a gidan tarihi, digiri yake nema, digirin kuma sai an je irin su Zariya, Ibadan ko Nsukka. Yaranmu nawa ne, in za su cike fom ɗin JAMB, suka san Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen wannan karatu? Likita, lauya, injiniya, nan lissafin iyaye yake tsayawa. Shi kansa kwalekwalen Damaturu aka kai shi, kuma duk wanda za a ɗauka ya kula da shi, takardarsa za a fara tambaya.