Daga Landirobar En'e Zuwa Jif Ɗin 'Yan Majalisa

Duk wanda ya saba da littattafanmu na soyayya ya san yadda muke shigo da mai kuɗi cikin labari. Ba ya zuwa a ƙasa, ba ya zuwa bisa babur, sai dai a ji hon, maigadi ya wangale get, wata dalleliyar jif baƙa wuluk ta sulalo cikin gida. A littafi jif ba ta mutuwa a hanya, ba a tura ta, ba ta kwana garejin makanike. Haka ma mutanen gari suka ɗauke ta, in ka ce jif to ka ce ƙarfi da ƙarko. Ni kuwa da na taso a birnin Zazzau, na ga wadda ta shekara ashirin tana aiki, na ga kuma wadda ta zama ɗakin kwanan awaki tun fentinta bai dushe ba, shi ya sa na ga ya kamata mu bi sawun wannan suna mu ga inda aka samo shi, da kuma wadda ta gaje shi da gaskiya.

Asalin abin ba motar alfarma ba ce ko kaɗan. A 1948, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Rover na Ingila ya fito da Land Rover, wadda injiniyansu Maurice Wilks ya kwaikwayo daga jif ɗin sojan Amurka. Don manoma aka yi ta. Ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila a lokacin, sai suka yi mata jiki da alminiyom, wanda ya zame mata alheri domin ba ya tsatsa. Gwamnatin mulkin mallaka ta rungume ta, ta iso Lardin Zazzau a zamanin Sarki Ja'afaru, wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, ta ci gaba da tashe har zamanin Sarki Muhammadu Aminu. Mutanenmu suka raɗa mata Landiroba. Ita ce motar Di'o in zai fita rangadi, ita ce ta malaman gona na Samaru, da masu allurar shanu, da masu lamba, da masu majigi. Dattawa suna ba mu labarin yadda hanyoyin Soba da Kauru da Kubau suke zama in damina ta yi nisa, laka har gwiwa, rafi ya kawo, babbar mota ta kafe kwana da kwanaki, amma Landiroba a sa mata giyar taimako ƙafafunta huɗu su ja, ta fice tana gurnani.

To amma akwai abin da tsofaffin direbobi ke faɗi wanda masu yabon ba su cika kawowa ba. Landiroba tana lalacewa, kuma sosai. Tana ɗigar da baƙin mai duk inda ta kwana, tana karya ƙarfen da ke juya ƙafar baya, kujerarta kuwa in ka yi tafiyar wuni sai an gasa maka baya. Abin da ya ɗaga ta shi ne gyaruwa. Direba da sifana biyu da filaya da guntuwar waya zai tashe ta a tsakiyar daji, in ta dawo gari kuma ma'aikatar ayyuka ta En'e tana da makanikai da kayan gyara a ajiye. Wato ƙarkon da ake faɗi ba na motar ba ne ita kaɗai, da hannun mai gyara a ciki, da kuma sito cike da kaya. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe, domin duk sauran labarin a kansa yake tafiya.

Kuma a wancan zamani ba wanda ke taƙama da ita. Girma a birni yana bisa doki, wanda duk ya taɓa tsayawa Ƙofar Fada ranar hawan Daushe ya san haka. In kuwa mota ce, to doguwa mai laushi manya ke so, daga baya Marsandi. Landiroba motar aiki ce, kamar jaki a cikin dabbobi.

Auren ƙarfi da alfarma a 1970 aka ɗaura shi, lokacin da kamfanin ya fito da Range Rover. Ita ma ta farkon ba ta da wani ƙyale-ƙyale, ƙofa biyu gare ta, daɓenta na roba ne yadda za a iya kwarara ruwa a wanke, sai dai tana da babban inji mai silinda takwas, ga laushin tafiya irin na ƙaramar mota. Sai a 1981 aka yi mai ƙofa huɗu, daga nan fata da katako da na'urar sanyi suka yi ta shigowa. Ta yi abin a yaba, domin ita ta zo ta ɗaya a rukunin motoci a tseren Paris zuwa Dakar na farko a 1979, wanda ya ratsa ta Agadas da Yamai, ta sake ci a 1981. Sai dai a daidai shekarun nan uwar kamfanin, British Leyland, tana fama da yajin aiki da karayar arziki, har gwamnatin Ingila ta karɓe ta a 1975, ingancin haɗa motocinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Suna yana hawa, aiki yana sauka.

A nan gida kuwa 1975 ɗin nan ce shekarar da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, tafiyar da ba ta wuce kilomita 80 ba daga Zariya. Fijo 504 ba ta ja da ƙafa huɗu, amma ita ta koya wa Bazazzagi ma'aunin ƙarko, domin ba garejin da za ka shiga a Tudun Wada ko Sabon Gari ka rasa wanda ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, kayanta kuma ko a teburin bakin titi ka samu. Duk jif ɗin da ta zo bayan nan da wannan mudu aka auna ta.

Wadda ta cika mudun ita ce ta Japan. Toyota ta fara ƙera tata jif ɗin tun 1951, ta sa mata suna Land Cruiser a 1954, ta yi ta bin ƙasashe masu wuyar hanya tana gyara kurakuranta a hankali. Ita dabararta daban ce: a yi motar da ba za ta nemi makanike ba tun farko, in kuma ta nema a same ta da sauƙin kwancewa. Maƙwabtanmu na Chadi suka yi mata tallan da kuɗi ba ya saye a 1987, lokacin da sojojinsu bisa a-kori-kurar Toyota suka fatattaki tankokin Libiya a arewacin ƙasar, har duniya ta sa wa yaƙin suna Yaƙin Toyota. Da Toyota ta ga sunan ya kafu sai ita ma ta bi Range Rover zuwa gidan alfarma, ta fito da Prado a 1990, ta lulluɓe Land Cruiser da fata ta kira ta Lexus LX. Bambancin shi ne ita ƙashin bayan motar aikin ta bari yadda yake, ado kawai ta ɗora.

Kada in manta da Pajero ta kamfanin Mitsubishi, wadda ta fito a 1982 ta ci tseren Dakar sau 12. Muna yara a shekarun 1990 kowace jif Fajero ce a bakinmu, in ta shigo ta Ƙofar Doka sai mun raka ta da gudu har Babban Dodo. An daina ƙera ta a 2021, yau yara ba su ma san sunan ba.

Inda lissafi ya rikice shi ne 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci da ɗan kasuwa matsakaici. Sai aka koma 'yan Kwatano. Daga nan jif ɗin da ke shigowa birni yawanci ba daga kamfani take ba, ta riga ta yi shekara takwas ko goma a hannun wani a Turai ko Amurka, an ci amarcinta, wani lokaci ma an mayar da agogon tafiyarta baya. Kuma an ƙera ta ne don man fetur mai tsabta da garejin da ke da kwamfuta. Daidai wannan lokaci ne kuma masu ƙera motocin alfarma suka cika su da lantarki. Range Rover ta bar sifirin ƙarfe ta koma jakar iska a 1992, wadda ta biyo baya a 1994 kuwa ta yi ƙaurin suna ko a can Ingila wajen zubar da iska da rikicin waya, a kwanta tana tsaye a wayi gari ta durƙusa kamar raƙumi. Kamfanin ya yi ta sauya iyayen gida, BMW a 1994, Ford a 2000, Tata ta Indiya a 2008. Motocin sun ƙara kyau da daɗin zama, wannan ba musu, amma a ƙididdigar da kamfanin J.D. Power ke yi a Amurka, inda ake tambayar masu mota matsalolin da suka gamu da su, shekaru da dama Land Rover tana can ƙasan jeri, Lexus tana sama. Makanikanmu ba su karanta wannan ba, amma sun yanke hukunci iri ɗaya da hannunsu, domin abin da suka saba yi shi ne su cire jakar iskar su mayar da sifirin ƙarfe, wato su mayar da gimbiya 'yar aiki don ta rayu.

A unguwarmu an yi wani bawan Allah da ya sayo wata babbar jif ta hannu, ba zan faɗi irinta ba. Wata uku ana zuwa kallo. Ran nan wata 'yar fitila ta kama a gaban direba, motar ta ƙi wuce gudun keke. Mai wayarin na farko ya yanke, na biyu ya ƙulla, na uku ya ce ƙwaƙwalwar ce. Aka je Panteka a Kaduna babu, aka je Ƙofar Ruwa a Kano babu, aka aika Ladipo a Legas aka kawo wadda ba tata ba. Ta shekara huɗu a gindin dalbejiya, tayoyi suka sace, yara suka mayar da ita wurin ɓuya. Injinta lafiya lau har ranar da aka sayar da ita ga 'yan gwangwan. Ba ƙarfi ta rasa ba, dangi ta rasa a garin.

Ga kuma man da muke ba su. A Fabrairun 2022 an shigo da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, gwamnati da kanta ta amsa, motoci da yawa suka lalace. Tsohon inji mai kafireta yakan yi tari ya wuce, na zamani mai awon komai da na'ura ba ya yafe irin wannan.

Kada wani ya ce na zama dillalin Toyota, ita ma ba ma'asumiya ba ce. A 2010 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gargaɗi mutane kada su sayi Lexus GX 460 saboda haɗarin kifewa a kwana, sai da kamfanin ya dakatar da sayarwa ya gyara. A 2024 kuma ya janye Lexus LX 600 da Tundra kimanin dubu 100 a Amurka saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari cikin inji tun daga masana'anta. Sabbin nata ma sun cika da lantarkin da ya fi ƙarfin sifana. Abin da ya rage mata shi ne dangi, kayanta sun cika kasuwa, yaran gareji a kanta suka koyi aiki. Shi ya sa in kana son gaskiyar mota kada ka tambayi mai ita, kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba, je ka wurin dillalai. Tsohuwar Prado tana riƙe kuɗinta kamar fili, kishiyarta ta Turai mai shekaru ɗaya da ita kuwa sai a yi maka araha har ka tsargu. Wanda ya saya ya sani, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ma, masu silinda takwas da yawa sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure ake fito da su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda sunan ƙarko ya zama hujja a bakin masu mulki. Tun dawowar farar hula a 1999 jerin gwanon gwamna ba ya cika sai da baƙaƙen Land Cruiser. A ƙarshen 2023, ana tsakiyar kukan tsadar mai, Majalisar Tarayya mai sanatoci 109 da wakilai 360 ta saya wa 'ya'yanta manyan jif, jaridu suka ruwaito kowace ɗaya ta kai wajen Naira miliyan 160. Da aka yi ca, amsar da suka bayar ita ce hanyoyin ƙasar nan ba su da kyau, sai irin waɗannan motoci ne za su jure shekara huɗu. Maganar ba ƙarya ba ce ta fuskar inji. Amma Landirobar En'e saboda rashin hanya aka kawo ta don ta kai allura da malamin gona ƙauye, wannan kuwa saboda rashin hanya aka saye ta don kada wanda alhakin gyaran hanyar ke wuyansa ya ji gargada.

A cikin birni ma ba ta da wurin nuna ƙarfin. Daga Ƙofar Doka zuwa Fada kwalta ce, akwai jif ɗin da har a sayar da ita ba a taɓa sa mata giyar taimako ba. In kuma an bar babban titi, lungunan Kwarbai da Limancin Kona tun kafin mota aka yi su, daidai doki da jaki, sai Alhaji ya ajiye ta a bakin hanya ya tattare babbar riga ya ƙarasa da ƙafa. Can ƙauyukan Giwa da Soba inda lakar take har yanzu, masu fito da masara da mai naƙuda a watan Agusta tsohuwar Golf ce da aka ɗaga wa baya, da babur ɗin Boxer mai ɗaukar mutum uku da buhu.