Baƙin da ke kwana a saiwar wake

Dakoro gari ne na baya-bayan nan. A shekara ta 1947 ne Turawan Faransa suka mai da shi mazaunin hukuma, a daidai lokacin da manoma ke ta hawowa arewa neman ƙasar noma. Sun yi ta sassabe har gwamnatin Nijar ta kafa doka a 1961 wadda ta shata iyakar noma daga arewa, ta wajen kwarin Tarka, domin a bar wa makiyaya filinsu. Ƙasar da suka samu jigawa ce, rairayi mai sauƙin huɗa amma maras ƙarfi. Abubuwa uku suka riƙe ta: barin gona ta huta ta zama maiso, da takin dabbobin makiyaya bayan girbi, da kuma waken da ake shukawa tsakanin layukan hatsi. Biyun farko kowa ya san amfaninsu. Na ukun yana aikinsa ne a ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya kai.

Wanda ya tuge gindin wake a tsakiyar damina zai ga ƴan ƙuraje a jikin saiwarsa. Ba cuta ba ce. Gidaje ne na wasu ƙananan halittu, bakteriya, waɗanda ke shiga saiwa su zauna. Tsiro yana ba su sukarin da ganyensa ya haɗa, su kuwa suna kamo azot daga iska su mai da shi abincin da tsiro ke iya sha. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa azot ne, amma hatsi ba shi da hanyar cin ko kaɗan daga ciki. Idan aka fasa ƙurjin aka tarar da cikinsa ja-ja, to baƙin suna kan aiki.

Masana sun daɗe suna laluben wannan sirri. Tun 1838 Bafaranshe Boussingault ya auna ya ga dangin wake suna tara azot fiye da wanda ke cikin ƙasar da aka shuka su, amma bai gano ta inda yake shigowa ba. Sai a 1886 Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa ƙurajen saiwa ne mafari. A 1888 Beijerinck, mutumin Holan, ya ware halittar kanta, wadda aka raɗa wa suna Rhizobium. Ke nan manomin ƙasar Hausa ya riga ɗakin bincike sanin sakamako, ɗakin bincike kuma ya riga shi sanin dalili.

Gujiya ma dangin wake ce, kuma ita ta mulki kasuwar jihar Maradi a zamanin Turawa da farkon mulkin kai, har aka kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayenta. Sai dai ba ta ƙara wa ƙasa ƙarfi yadda ake zato ba, saboda tuge ta ake yi gaba ɗaya, ƙwaya ta tafi Turai, ganye ya tafi bakin dabba. Farin 1973 da cutar da ta auka wa gujiya a 1975 suka karya wannan ciniki, manoma suka koma ga wake. A 1975 ɗin aka kafa INRAN, wadda tasharta ta Tarna, kusa da Maradi, ta yaɗa iri irin su TN 5-78 masu nuna da wuri.

Gawo ma, wanda hatsi ke yin kyau a ƙarƙashinsa, yana da irin waɗannan baƙi. A 1992 masu bincike biyu na Dakar, Dupuy da Dreyfus, suka ba da labarin samun su a ƙarƙashin gawo a Senegal har zurfin mita 34. Sassaben zamani, wato barin ƴan itatuwa su tofo a gona, wanda ya yaɗu daga jihar Maradi tun 1984, ya mayar wa gonaki da yawa wannan itace.

A ganina, inda tarihin ya yi tsami shi ne nan: jama'a ta yawaita, maiso ya yi wuya, nauyin da abubuwa uku ke ɗauka ya kusa komawa kan wake shi kaɗai. Alhali azot ɗin da aka kamo yawancinsa yana cikin ƙwaya da harawa, kuma hatsin baɗi ne ke cin moriyar abin da ya rage, ba na bana ba. Harawa kuwa ta zama kuɗi. Da rani ana ɗaure ta dami-dami a kai kasuwa saboda masu kiwon raguna, gona ta tashi da saiwa kawai. Ga shi kuma baƙin ba su aiki sosai sai da fosfor, wanda rairayin Dakoro ke da ƙarancinsa ƙwarai, ko da yake akwai dutsen fosfat a jihar Tawa, maƙwabciyarmu ta yamma.