Maganin da ya bar tambari a kumatu

A shekarar 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da haɗin magungunan ƙanjamau guda uku a kan dala 350 a shekara, alhali irinsa na cin fiye da dala 10,000 a Amurka da Turai. Ɗaya daga cikin ukun shi ne stavudine. Ga shi da arha, ga danne ƙwayar cutar, daga baya kuma aka yi nau'in yara mai narkewa a ruwa. Da irin waɗannan magunguna na Indiya Najeriya ta soma shirinta na raba magani a 2002. A Afirka, jariran da suka ɗauki cutar daga uwayensu kusan rabinsu ba sa kai shekara biyu in babu magani. Wannan ƙwaya ta raya da yawa daga cikinsu.

Sai dai tun 1998 Andrew Carr da abokan aikinsa a birnin Sidni na Ostareliya sun bayyana wani baƙon sauyi a jikin masu shan magani. Kitsen da ke ƙarƙashin fata yana zagwanyewa daga kumatu da hannuwa da cinyoyi, har jijiyoyi su fito raɗau, wani kitsen kuma yana taruwa a cikin ciki da doron wuya. Da farko an ɗora laifin a kan wani rukunin magunguna dabam. Sannu a hankali aka gano cewa ramar kumatun aikin stavudine ce da ɗan'uwansa zidovudine, domin suna lalata mitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke samar wa ƙwayoyin kitse kuzari. Ƙasashe masu hali suka janye daga shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a daina shi ba sai a 2009, kuma ba zan yi saurin zarginta ba: madadinsa ya fi tsada, kuma kowace dala rai ce a layin masu jira.

Yaron da ya soma sha yana ɗan shekara huɗu ya yi balagarsa a kan maganin, daidai lokacin da jiki ke tsara inda zai ajiye kitse. Bayan an sauya magani, kitsen yakan dawo da jinkiri, sau da yawa kuma bai cika dawowa duka ba. Ga budurwa ko saurayi wannan ya wuce zancen kyau. Lotsattsen kumatu yana tona asirin da iyali suka yi shekaru suna rufewa, har wasu suka gwammace ajiye ƙwayar da su ji ana raɗa a bayansu.

Yanzu lamarin ya juya. A 2019 hukumar ta fifita dolutegravir ga kowa, kuma a shekarar ce binciken ADVANCE na birnin Johanasbag ya nuna cewa masu shansa na ƙara nauyi, musamman mata. Masana na muhawara har yau ko sabon maganin ne ke sa ƙiba, ko kuwa tsofaffin ne ke hana ta. Yaran jiya sun haura ashirin, wasu talatin, wani ma ga siraran ƙafafun stavudine ga teɓa a jiki ɗaya. Shi ya sa a asibiti, ban da ƙididdigar ƙwayar cuta, ake auna musu ƙugu da sukari da kitsen jini.