Katin Maniyyaci da Askar Mina

Tun zamanin da Malam Muhammadu al-Kashinawi ya bar Katsina ya nufi Gabas, ya sauke farali, daga bisani ajali ya riske shi a Alƙahira cikin shekarar 1741, mutanen wannan birni ba su gushe ba suna bin hanyar Makka, wasu a ƙasa, wasu bisa jakuna da raƙuma, ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, ba a tambayarsu komai sai guzuri da tawakkali. Sha'anin takardar lafiya ya samo asali ne bayan annobar kwalara ta 1865, wadda ta halaka dubban alhazai a Makka, ta bi jiragen ruwa zuwa Masar da Turai, har hukumomi suka tsananta killace matafiya. Saboda haka ko da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajjinsa ta jirgin ruwa a 1921, tafiya ta riga ta zama ta fasfo da binciken likita. Aka yi zamanin lambar agana, aka zo na allurar zazzaɓin shawara, sa'an nan bayan sanƙarau ya ɓarke a hajjin 1987 Saudiyya ta wajabta allurarsa.

Duk wanda ya yi tsokaci zai ga cututtukan da suka hau katin maniyyaci masu gaggawa ne, suna kayar da mutum cikin kwanaki, jama'a na gani. Amma akwai wata cuta mai ɓoyon kai wadda ba a tambayarta a kan iyaka, alhali kuwa ɓarnarta a ƙasarmu ba ƙarama ba ce, watau ciwon hanta nau'in B.

Kakanninmu sun san shawara, sun san idon da ya rine ya zama ruwan ɗorawa da fitsarin da ya yi ja, suna jiƙa saiwar rawaya su ba majinyaci, illa dai ba su da hanyar rarrabe sabubbanta, kuma likitocin Turai ma sun daɗe cikin wannan duhu. A 1883 aka yi wa ma'aikatan wata masana'antar jiragen ruwa a Biremen ta Jamus lambar agana da maganin da aka haɗa da ruwan jikin ɗan Adam, sai 191 daga cikin 1,289 suka kamu da shawara bayan watanni. A 1942 kuma irin wannan ibtila'i ya auka wa sojojin Amurka, wajen dubu hamsin suka kwanta, domin an cuɗanya allurar zazzaɓin shawara da ruwan jinin mutane. Daga nan hujja ta tabbata cewa akwai shawarar da ke bin jini, a 1947 likitan Ingila MacCallum ya raba ta da wadda ke bin abinci da ruwa, ya kira ta abinci da ruwa A, ta jini B. A 1965 Baruch Blumberg ya bayyana alamar ƙwayar cutar, wadda ya tarar cikin jinin wani ɗan asalin Ostireliya, a 1970 David Dane ya ga ƙwayar kanta a Landan, a 1981 aka halatta rigakafin farko a Amurka, a 1986 kuma aka fitar da wanda ake yi da yis, babu ko ɗigon jinin mutum a cikinsa, shi ne wanda ake yi mana yau. A wannan shekarar aka fara yi wa jarirai rigakafin wannan ciwo a Gambiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga dukkan ƙasashe a 1992 su saka shi cikin allurar yara, Najeriya kuwa sai a 2004 ya shiga allurar yaranta.

Wannan shekara ta 2004 ita ce abin lura, domin mafi yawan dattawa da iyaye mata da ke taruwa a sansanin alhazai na Katsina an haife su kafinta, ba su taɓa samun allurar ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar, akasarinsu ba su sani ba, kasancewar jaririn da ya kamu, sau tara cikin goma, yakan riƙe ta har girma ba tare da alama ba, sai ranar da ciki ya kumbura, hanta ta ƙandare ko daji ya kama ta.

To, a dubi Mina ranar Layya, bayan jifa da yanka, sa'ad da kowa ya ƙagu ya kwance harami: sai ka ga alhaji ya durƙusa a gefen hanya, ɗan'uwansa na kankare masa kai da reza, jini ya ɗan tsattsafo a ƙeya, a goge ta da gefen harami, na biye ya durƙusa. Niyyar taimako ce tsantsa, amma ƙwayar nan tana rayuwa a bakin ƙarfe har kwana bakwai, shi ya sa hukumomin Saudiyya suka tanadi masu aski da lasisi, kowane kai da sabuwar reza. Haka lamarin yake a gida wajen askin suna da ƙaho da kaciya. Wanzanci sana'a ce mai daraja, kuma wanzamin da ya ce a kawo sabuwar aska ya cancanci yabo.

Allurar sau uku ce: yau, bayan wata guda, da bayan wata shida, ko da yake akwai tsarin gaggawa na mako uku da ƙari bayan shekara. Ya kai maniyyaci, ranar da ka kai kafin alƙalamin kujerarka, ka wuce asibiti a gwada jininka da na iyalinka. In babu ƙwayar ka fara allura, in akwai ka riƙi likita, kuma ka saka rezarka ta kanka cikin jakar guzuri.