Daga Kulob Ɗin Turawa Zuwa Gidan Magajiya

Ɗaliban tarihi sun cika ba da labarin fada da masallaci da kasuwa, amma da an zo kan wuraren da jama'a ke hira da dare, sai kowa ya kau da kai. A ganina kunya ce kawai, don kuwa akwai tarihi a nan.

Tushen maganar doka ce. Yarjejeniyar Barasal ta 1890 ta hana shigo da barasa ƙasashen Afirka da ba su saba da ita ba, Lugga kuma ya ɗora wannan hani a kan Arewa. Amma hanin bai hau kan kowa ba. Bature yana da kulob ɗinsa a unguwar Turawa, inda ɗan ƙasa ba ya shiga sai in boyi ne ko kuku. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari domin baƙi 'yan Kudu, a bayan ganuwa, can ne hotal-hotal suka tsiro. Watau abin da Alƙali zai yi wa mutum bulala a kansa cikin birni, yana nan a fili in ya taka 'yar tafiya kaɗan. Amurka ma ta gwada irin wannan hani daga 1920 zuwa 1933, sai mashaya ta koma ɓoye a bayan shaguna.

Shi kuwa talaka Bahaushe, nasa kulob ɗin shi ne gidan magajiya. Magajiya ita ce shugabar mata masu zaman kansu, ita ke karɓar baƙuwa, ta raba faɗa, ta tsaya wa 'yan gidanta gaban hukuma. A nan ake goge da kukuma da wasan bori, a nan direbobi da 'yan koli da 'yan ci-rani suke jin labarin duniya. Mu mutanen Mahuta mun san yadda abin yake a Funtuwa da Malumfashi: da an sayar da auduga kuɗi sun shiga hannu, sai makaɗa su sauka garin. Kusa da mu kuma ga Maguzawa da burkutunsu, wanda ya girmi dokar Bature nesa ba kusa ba. Ba banza ba Mamman Shata ya yi zamansa a Funtuwa. Makaɗin fada sarki ke ciyar da shi, amma makaɗin jama'a, irin su Garba Supa da Hassan Wayam masu kukuma, taron dare ne ya ba su abinci da suna.

Har siyasa ta ratsa ta nan. Bayan kafa NEPU a 1950, jam'iyyu sun riƙa neman goyon bayan magajiyoyi, domin matan aure suna kulle, su kuwa waɗannan suna iya fita taro su yi waƙa da guɗa, alhali matan Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1976.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara a 1999, Katsina da Kano suka bi a 2000, aka rufe gidajen magajiya da mashaya da yawa. Wasu suka tuba aka yi musu aure, wasu suka kwashe kayansu suka koma garuruwan da dokar ba ta kai ba.