Kifin Bahar Azrak a tukunyar Hausawan Jazira

Wad Haddad gari ne a kan hanyar Wad Madani zuwa Sinnar, kusa da gaɓar kogin Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu mai gangarowa daga tsaunukan Habasha. Hausawan wannan yanki jikokin mahajjata ne da masu hijira. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka yada zango kusa da Sinnar, garin da suka kafa ya ci sunansa har yau. Ayari bayan ayari suka biyo sawu: malamai, manoma, mahauta, da masunta waɗanda suka san ruwa tun daga gulbin Kabi da tafkin Chadi.

Masuntan sun tarar da kogi mai albarka, kifinsa kuma ba baƙo ba ne a wurinsu. Giwan ruwa da Larabawan Sudan ke kira ijil, karfasa da suke kira bulti, tarwaɗa, ragon ruwa, ƙurungu, tsage da kawara, duk irin na gida ne. Yawancin maƙwabtansu kuwa hankalinsu na kan noma da kiwo, nama da nono ne cimarsu. Sai Bahaushe ya sassaƙa kwalekwale, ya saƙa birgi da taru, ya ɗana ƙugiya, sana'ar su ta zauna a hannunsa.

Shekarar 1925 ta sauya komai. A cikinta aka kammala madatsar Sinnar, aka buɗe gandun audugar Jazira, ruwa ya taru a bayan madatsa ya kuma bi dubban magudanai. Gonakin suka buƙaci hannaye, mutanen yammacin Afirka suka cika sansanonin leburori da ake kira kambo. Mai tsinkar auduga ba ya da kuɗin nama kullum, kambo kuma babu ƙanƙara. Abin da ya riƙe shi shi ne kajek, busasshen kifin da ake tsagawa a shanya a rana har ya yi ƙarau. Yakan yi watanni bai lalace ba. Uwargida ta daka shi a turmi, ta soya albasa, ta zuba tumatir da garin busasshiyar kuɓewa, a ci da tuwon dawa ko kisra, wato siririyar wainar dawa ta Sudan. Ɗan tsarabar kifi kaɗan ya wadatar da tukunyar gida guda.

Madatsar Rusairis, wadda aka gama a 1966, ta ƙara wa masunta wani babban tafki a kudu, da yawa suka riƙa bin kifi can a lokacinsa su dawo.

A ɗakin girki ne al'adun biyu suka gauraya. Daga Sudan aka koyi fasik, tsage ko kawara da ake jerawa cikin gishiri su yi kwanaki, sannan a dafa da tumatir da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Daga ƙasar Hausa aka zo da banda, da farfesu mai citta da barkono, da dabarar shafa garin ƙuli-ƙuli da yaji a gasa a gefen garwashi. Wannan gashi shi ne agashe, wanda ya fita daga unguwannin Hausawa ya mamaye titunan Khartum da Omdurman. Da nama aka san shi, amma da kaza da kifi ma ana yi.

Abin da likitoci ke faɗa yanzu game da kifi, cewa gasasshe da dafaffe sun fi wanda aka tsoma a mai, waɗannan tsofaffin girke-girke sun daɗe a kansa, domin mai abu ne mai tsada a kambo. Inda ake buƙatar hattara shi ne fasik, saboda gishirinsa ya yi wa mai hawan jini yawa. Shi ya sa ake jiƙa shi a wanke kafin ya shiga tukunya. Masunci kuma ya biya nasa farashin, domin magudanan Jazira sun yaɗa cutar tsargiya a tsakanin masu yini cikin ruwa.

Yau sana'ar na fuskantar abubuwa biyu masu nauyi. Babbar madatsar Habasha, da aka fara cikawa a 2020, ta sauya yadda ambaliyar damina ke zuwa, alhali da ita kifi ke hayayyafa. Yaƙin basasar Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a Disamban shekarar, ya tarwatsa kasuwanni da ƙauyuka kafin sojan Sudan su sake karɓe birnin a Janairun 2025. Iyalan da ke komawa gida suna buƙatar sababbin kwalekwale da taru, da hanyar kai kifi kasuwar Madani da Sinnar.